FILIN MATA: Motar Mafarki da Ranar Wuya

 

Yau hirarmu za ta kai mu nesa, can tsakiyar ƙasashen Turai, wata ƙasa da ake kira Hangari. Kada wata ta ce ina ruwan biri da gada. Ku dai yi haƙuri ku bi ni, in mun kai ƙarshe kwa ga ruwan.

Ita Hangari ƙasa ce wadda ba ta da bakin teku. Ostiriya na yamma da ita, Romaniya na gabas. Mutanenta ba su cika miliyan 10 ba. Babban birninsu shi ne Budapest, wanda kogin Danub ya ratsa ta tsakiya, Buda a kan tudu, Pest kuwa a fili. Ƙasar ba ta da girma, amma mutanenta gwanaye ne wajen shirya wasan sinima, tun ba wasannin soyayya ba. Waɗannan kuwa iri biyu ne. Akwai na ban dariya, wanda a kan tashi ana tafi, akwai kuma na ban tausayi, wanda a kan tashi ana share ido da bakin mayafi. In kika jera su bisa shekarun da aka yi su, sai ki ga ashe tambaya ɗaya suke ta juyawa, wadda kowace uwa mai 'ya budurwa ta san nauyinta, watau da wane mudu a ke auna ƙauna?

Mu fara da na dariya.

A cikin 1931, lokacin da sinima mai magana ta fara shiga ƙasar, wani mai shirya wasa da ake kira István Székely ya fito da wani wasa mai suna Hyppolit, a lakáj, watau Hyppolit Babban Boyi. Labarin wani mutum ne, Schneider, mai sana'ar dakon kaya, wanda arziki ya zo masa da rana tsaka. Shi dai bai sāke hali ba, yana nan da son albasarsa da zamansa na sakewa. Uwargidansa ce kuɗi suka hau wa kai. Ta ce lalle sai gidansu ya zama irin na manya. Ta je ta ɗauko wani boyi wanda ya yi shekaru da yawa yana bauta wa wani basarake. Boyin nan da shigowarsa sai ya zama shi ne maigida. Ya sa musu dokar ci da ta sha da ta tufafi, ya hana maigida albasa, har bawan Allah ya koma cin abincin da ya ke so a ɓoye, cikin gidan da ya gina da guminsa. Uwargida kuma ta nace sai 'yarsu Terka ta auri wani mai dangi a hukuma, don a sami kwangila. Yarinya kuwa hankalinta na wajen wani direban ubanta. Daga baya sai ga shi direban nan ashe injiniya ne, ya ɓad da kama don ya kusance ta. Aka yi ta dariya, kowa ya koma gida.

Bayan shekara 3, a cikin 1934, Béla Gaál ya shirya wanda ya fi wancan shiga zukatan 'yan mata, sunansa Meseautó, watau Motar Mafarki. Wata yarinya ce, Vera, ƙaramar ma'aikaciya a wani banki. Ta ga wata mota mai ƙyalli a kantin masu sayad da motoci, ta tsaya tana sha'awa, alhali kuwa albashinta ko ƙafar motar ba zai saya ba. Ashe babban manajan bankin yana kallonta, ita kuwa ba ta san fuskarsa ba. Mutumin nan ya gaji da matan da ke binsa don kuɗinsa. Sai ya sayi motar, ya haɗa baki da masu kanti aka ce wa yarinya ai ita ce ta ci kyauta. Sa'an nan ya zo mata a kan shi direba ne mai neman aiki. Tafi-tafi har ta kamu da son direba. Da gaskiya ta fito ta ji zafi, amma daga bisani aka shirya, ta sami miji, ta sami mota. Wasan ya yi kasuwa ƙwarai, har Ingilishi suka sāke yin irinsa a 1935, mutanen Hangari kansu suka sāke yinsa a shekara ta 2000.

Me ya sa jama'a suka so shi haka? Ku tuna da zamanin. Kasuwannin duniya sun karye tun 1929, aiki ya yi wuya, kuɗi sun ɓuya. Yarinyar da ta wuni tana buga tafireta, ko tana tsaye a bayan kanta, in ta biya 'yan kwabbanta ta shiga sinima, ba ta so a nuna mata talaucin da ta baro a gida. So ta ke a ce mata watakila gobe wani attajiri ya gan ta a hanya. Ba na ganin laifinta. Wanda ya sha rana ai ba a hana shi inuwa.

Amma fa ku lura da abu biyu a cikin wasannin nan, don har yau ana yin irinsu a kowace ƙasa, 'ya'yanmu kuwa suna kallo.

Na fari, kullum namiji ne ke jarraba mace. Shi ne ke da ikon ya yi ƙarya, ya ɓad da kama, ya auna zuciyarta ya ga ko kwaɗayi gare ta. Ita ba a ba ta damar ta auna shi ba. Ba wanda ya tambaya, shin mutumin da ya iya ruɗin yarinya mako da makonni fuskarsa ba ta nuna ba, me zai hana shi sāke yi bayan aure? An yafe masa nan da nan, don kuwa ƙaryar tasa ta zo da mota.

Na biyu, labari ya kan ƙare ne daidai inda zaman duniya ke farawa. Da an ga ango da amarya sun daidaita, sai a kunna fitilu, kowa ya nemi ƙofa. Ba a nuna mana ran da bankin ya karye, ko ran da ciwo ya kwantad da maigida, ko ran da uwar miji ta tsufa ta rasa mai juya ta. Mu kuwa da muka kwana biyu a ɗakin aure mun san can ne maganar ta ke.

To, ranar wuya ba ta daɗe ba ta zo wa mutanen Hangari, ta kuwa fara ne da su masu ba jama'a dariya.

A 1938 da 1939 gwamnatin ƙasar, wadda ta jingina da Jamus ta Hitila, ta kafa dokoki na ƙuntata wa Yahudawa, har da hana su yawancin aikin wasa. Gyula Kabos, wanda ya fito a maigida mai son albasa, wanda duk ƙasar ba a yi mai ban dariya kamarsa ba, dole ya bar gida a 1939 ya tafi Amurka. Can ba mai jin harshensa sai 'yan ƙasarsu ƙalilan. Ya mutu a New York a 1941. Béla Gaál, mai Motar Mafarki, bai sami fita ba. A sansanin Dachau na Jamus ya ƙare a 1945. Ku duba fa, mutumin da ya sa dubban 'yan mata mafarkin mota, ga inda duniya ta kai shi.

Shi kuwa Pál Jávor, kyakkyawan saurayin nan da ya fito a direban Terka, wanda matan ƙasar duka ke sha'awa, matarsa Bayahudiya ce. A zamanin nan mace irin wannan ta zama kaya a wuyan miji, mai son aikinsa ya ci gaba sai ya sauke. Jávor bai sauke ba. Aka hana shi wasa, a 1944 kuma aka kama shi aka ɗaure. Ya tsira da rai, ya yi zaman baƙunci a Amurka, ya komo gida a 1957, ya rasu a 1959. A cikin sinima ya sha yin rantsuwar ƙauna ga mata iri-iri, ana biyansa. Wadda ya yi wa matarsa kuwa, shi ya biya.

Sai wata mace, Katalin Karády. Ta yi suna ne a 1939 cikin wani wasan ban tausayi, Halálos tavasz, watau Bazara Mai Kisa, inda ta fito a macen da sonta ya halaka wani saurayi. Tun daga nan aka ɗauke ta irin matan da uwa ke ja wa ɗanta kunne a kansu. 'Yan mata suka riƙa kwaikwayon gyaran gashinta, manya kuwa suna taɓe baki. A watan Maris na 1944 sojan Jamus suka mamaye Hangari, cikin 'yan watanni aka kwashe Yahudawa fiye da 400,000 zuwa sansanonin mutuwa. Ita Karády 'yan sandan ciki na Jamus suka kama ta a kan zargin leƙen asiri, suka tsare ta wata 3, suka azabtad da ita. Da ta fito ba ta ce ta ƙoshi ba. A ƙarshen shekarar, lokacin da 'yan bangar da suka karɓi mulki ke kai mutane bakin kogin Danub suna harbewa, ta fanshi wasu yara daga hannunsu da zinariyarta da kayan adonta, ta kai su gidanta ta ɓoye, ta ciyad da su har yaƙi ya wuce. Bayan yaƙi sabuwar gwamnati ba ta yi da ita ba. Ta bar ƙasar a 1951, ta zauna a Barazil, daga baya ta koma New York tana sayad da huluna, can ta rasu a 1990. Sai a 2004 aka sa sunanta cikin jerin waɗanda suka ceci Yahudawa a lokacin yaƙin.

'Yan'uwa, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wadda aka yi wa kallon ballagaza, ita ce ta tuɓe sarƙarta don 'ya'yan wasu. Wannan ya isa ya sa mu riƙa tauna magana kafin mu yanke wa wata mace hukunci don abin da muka ji a bakin rijiya.

Bayan yaƙi Rasha ta sa hannu a kan Hangari, 'yan Kwaminis suka kama mulki, a 1948 gwamnati ta karɓe sana'ar sinima duka. Aka daina wasan manajan banki da mota. Aka shiga matsa wa manoma su haɗa gonakinsu cikin ƙungiyoyin gama kai. A cikin wannan hali ne Zoltán Fábri ya shirya Körhinta, watau Lilo Mai Kewayawa, wanda aka kai babbar gasar sinima ta garin Cannes a Faransa a 1956.

Labarin ƙauye ne. Wata yarinya, Mari, tana son wani saurayi, Máté, ɗan ƙungiyar gama kai. Ubanta kuwa ya fita daga ƙungiyar, yana so ya tsaya da ƙafarsa. Sai ya yi mata miji, wani manomi mai abin hannu, don gonarsa ta haɗu da gonar wancan. A ganinsa ƙasa ita ke auren ƙasa, yarinya dai igiya ce ta ɗaure su. Uwar tana gani, tana jin tausayin 'yarta, amma ba ta da bakin magana a gidan. Abu biyu ne ba a mantawa a wasan nan. Ɗaya, ranar kasuwar shekara, Mari da Máté suna kan lilo, yana kewayawa da su sama, tana dariya iyakar ƙarfinta, kamar wadda ba ta taɓa sanin akwai baƙin ciki a duniya ba. Ɗayan kuwa a wajen bikin wasu, inda Máté ya ja ta rawa a gaban ubanta da wanda aka yi mata baiko da shi, suka yi ta juyawa ba su tsaya ba, har kowa a wurin ya gane abin da ke ciki. Yarinyar nan mai kunya, wadda ba ta iya ɗaga ido ta dubi ubanta, ita ce daga ƙarshe ta tsaya ta ce ba ta yi. Gida ya yamutse, uba ya yi fushin da ya kusa jawo nadama ta har abada, kafin ya sauko.

Gaskiya ita ce gwamnatin lokacin tana da nata buri a labarin, don an nuna saurayin kirki shi ne wanda ya zauna cikin ƙungiya. Amma ƙungiyoyin nan sun shuɗe, mulkin da ya kafa su ya faɗi tun 1989, wasan kuwa har yanzu ana kallonsa. Abin da ya riƙe shi shi ne fuskar yarinyar. Wadda ta yi wasan, Mari Törőcsik, 'yar makaranta ce a lokacin, shekarunta 20.

A nan ina da magana da iyaye mata. Uban Mari ba mugu ba ne. Yana son 'yarsa, yana tsoron kada ta sha talaucin da ya sha. Amma ya auna mata miji da mudun gona, kamar yadda matar Schneider ta auna wa tata da mudun kwangila. Mu ma mun san irin wannan awo, ko da a wurinmu ba gona ba ce, wani lokaci shago ne, ko sarauta, ko zumuncin da a ke so a ƙulla. Addininmu kuwa ya yi umurni a nemi yardar yarinya kafin a aurad da ita. Ke uwa, ke ce kika fi kowa sanin inda zuciyar 'yarki ta ke. In kika yi shiru don gudun ɓacin ran maigida na kwana biyu, ke ce za ki yi ta karɓar yaji shekara da shekaru. Magana mai daɗi a cikin ɗaki, da dare bayan an ci abinci, ta sha sauko da mazan da ko alkali ba zai sauko da su ba. A bar kaza cikin gashinta ba a nan a ke yinsa ba.

Yanzu ga wanda na fi so ku riƙe. A 1971 Károly Makk ya shirya wani wasa, sunansa kalma ɗaya tak, Szerelem, watau Ƙauna. Mari Törőcsik ɗin nan ce dai, yanzu ta zama cikakkiyar mace. Wasan mai suna Ƙauna, amma kusan dukansa babu saurayi babu budurwa. Mata biyu ne a ɗaki ɗaya, matar ɗa da uwar miji.

Labarin ya faru ne a 1953, zamanin da a kan ƙwanƙwasa ƙofa da tsakad dare a tafi da mutum. An kama János a kan siyasa, an yi masa ɗauri mai tsawo. Matarsa Luca ba ta ma tabbata ko yana da rai ba. Uwarsa kuwa tsohuwa ce tukuf, tana kwance ba ta tashi, ba abin da ke riƙe da ranta sai begen ganin ɗanta. Luca ta san in tsohuwar nan ta ji gaskiya, ba za ta kai gobe ba. Sai ta ce mata ai János ya tafi Amurka, yana can yana shirya wani babban wasan sinima. Ta riƙa zama tana rubuta wasiƙu da sunansa, cike da labarin irin ɗaukakar da ya samu, a kawo wa tsohuwa. Tsohuwa ta ɗauki gilashinta na ƙara girman rubutu, ta karanta, ta maimaita, fuskarta ta yi haske.

A waje kuwa duniya ta juya wa Luca baya. An kore ta daga aikin koyarwa don mijinta fursuna ne. Abokan arziki sun daina gaishe ta. An cusa mata baƙi a gidanta, ta koma ƙuryar ɗaki. Duk da haka kullum sai ta gyara fuska, ta zo wa tsohuwa da furanni, ta zauna bakin gado. Kada ku ce ko tsohuwar mai sauƙin hali ce. A'a, tana da mita, tana da tsegumi, ɗanta kaɗai ta ke yabo. Su kan yi 'yar tsiya irin ta suruka da suruka. Wani lokaci ma mai kallo ya kan yi zaton tsohuwar ta gane, tana dai yin kamar ba ta gane ba ne don ta sauƙaƙa wa yarinyar. In haka ne, to, kowacce tana ɗauke wa 'yar'uwarta kaya ke nan, ba tare da ta faɗa ba.

Tsohuwa ta cika ba ta ga ɗanta ba. Ba a daɗe ba, rana ɗaya aka buɗe wa János ƙofar kurkuku aka ce ya tafi, ba tare da an gaya masa dalili ba. Ya komo gida a rame, a tsorace, ya tsufa, yana shakkar ko matarsa za ta iya sāke sabawa da shi. Babu kiɗa, babu mota. Ta ɗebo ruwa ta wanke shi, ta ba shi tabbacin tana tare da shi muddin ranta. Nan wasan ya ƙare.

Waɗanda suka yi wasan nan sun san abin da suke faɗi. Tibor Déry, wanda daga labarunsa biyu aka ɗauko shi, an yanke masa ɗaurin shekara 9 a 1957, bayan boren da mutanen Hangari suka yi wa mulkin Kwaminis a 1956, aka sake shi a 1960. Iván Darvas, wanda ya fito a János, shi ma ya sha ɗauri bayan boren nan. Wasan ya sami lambar yabo ta alkalan gasar Cannes a 1971. A shekara ta 2000 kuma, da masana sinima na ƙasar suka zaɓi wasanni 12 da suka fi kyau a tarihinsu, Ƙauna na ciki, da Lilo Mai Kewayawa, da Hyppolit Babban Boyi.

To, ga ƙarya biyu a gabanku, ta manajan banki da ta Luca. Ni ba malama ba ce, ba kuwa zan ce muku ƙarya ta zama halal ba, wannan sai ku tambayi malamai. Abin da na ke so ku duba shi ne, wa ya ci riba, wa ya biya? Manaja ya yi tasa don ya kāre kansa, yarinya ce ta sha kunya. Luca ta yi tata don ta kāre wata, ita ce kuma ta haɗiye kukanta kullum a bakin ƙofa kafin ta shiga. Ƙaunar da ta yi wa mijinta ba ta da hanyar isa gare shi, bango ya tare. Sai ta juya ta zuba ta a kan uwarsa. Mu da a ke ce mana tsakanin matar ɗa da uwar miji sai dai haƙuri, ya kamata mu tsaya a nan mu yi tunani. Wadda ta haifa miki shi, ta yi goyonsa, in kin kyautata mata ai shi kika kyautata wa, ko yana nan ko ba ya nan. Ku kuma iyayen miji, yarinyar nan da ki ke gani kamar ta ƙwace miki ɗa, watakila ita ce za ta ɗaga kanki ta ba ki ruwa ran da hannunki ya kāsa.

Kafin in rufe, bari in gaya muku matan Hangari ba su tsaya a fitowa cikin wasa kaɗai ba, sun karɓi ragamar shiryawa. Márta Mészáros, wadda ta tashi marainiya, ta shirya Örökbefogadás, watau Riƙon Ɗa, a 1975. Labarin wata gwauruwa ce ma'aikaciyar masana'anta, ta haye shekara 40 ba ta da ɗa, ta shaƙu da wata yarinya ta gidan marasa galihu, ta tsaya mata har ta yi aure. Amma da yake mace ce ta shirya, ba ta ruɗe mu ba, tun a wajen bikin ta nuna alamar zaman ba zai rasa ƙura ba. Da wasan nan ta zama mace ta fari da ta ci babbar lambar gasar Berlin. A 2017 wata kuma, Ildikó Enyedi, ta sāke ciwo wa ƙasarsu lambar nan da labarin wasu ma'aikata biyu na mahauta, namiji mai shanyayyen hannu da mace mai tsananin gudun mutane, waɗanda suka gano ashe mafarki ɗaya suke yi kowane dare, suna ganin kansu barewa biyu a daji. Sai dai wannan na manya ne, ba na kallo da yara ba.

Tsofaffin wasannin nan hukumar sinima ta ƙasarsu ta gyara da yawa daga ciki, a kan kuma same su da fassarar Turanci a rubuce a ƙasan hoto. Wadda ta sami hali ta gani. Wadda ba ta samu ba, labarin ma ya isa guzuri.

Abin da zan bar ku da shi ke nan. Kada ku hana 'ya'yanku dariya, wasan mota yana da ranarsa, zuciya ma tana son hutu. Amma in kin ga 'yarki ta tashi daga kallo idonta na ƙyalli, ki zauna kusa da ita ki tambaye ta cikin raha, to, bayan an kunna fitilu, yaya ki ke jin suka ƙare? In mai neman aure ya zo, a bincika abin hannunsa, wannan ba laifi, don ba a cin ƙauna da miya. Amma a fi bincika yadda ya ke riƙe da uwarsa, da yadda ya yi ran da abokinsa ya shiga uku, da ko maganarsa ta safe ita ce ta yamma. Ke ma ki tambayi kanki haka, don awon nan ba na maza kaɗai ba ne. Mota ta kan tsufa, gona ta kan sāke hannu, hali kuwa zanen dutse ne.

Allah ya ba 'ya'yanmu abokan zama na ranar wuya, ya sa mu ma mu zama haka ga waɗanda ke tare da mu. Amin.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku,
Uwargida